Taken da Aka Kori Birai da Shi

Akwai wani manomi a wani gari na gindin dutse, ubansa kuwa shi ne Sarkin Noman garin. Uban ya tsufa, gemu ya yi fari fat, amma ko a lokacin idan ya kama fartanya samari ja da baya suke yi su ba shi wuri. Ba ƙarfin damtse kaɗai ya ba shi wannan girma ba. A wata shekara ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta yi ciki ba, yunwa ta shiga gari, shi ne ya buɗe rumbunansa ya ciyar da mutane har sabon hatsi ya nuna. Bai tambayi kowa ko ɗan gidan wa ne ba. Wanda ya zo da ƙwarya ya koma da ita cike.

Da aka fita daga wannan wahala, dattawan gari suka taru suka ga ba su da abin da za su saka wa mutumin nan da shi. Sai suka kira makaɗin gari ya yi masa take. To, ku da aka haifa a birni, bari in gaya muku abin da ake kira take. Kiɗa ne da ake ware wa mutum ɗaya, nasa ne shi kaɗai, kamar yadda sunansa yake nasa. Idan aka buga shi a ganga, ko mai shi yana bayan gari ya san da shi ake, al'ada kuwa ita ce ya tashi ya amsa. Namiji ba ya jin takensa ya ci gaba da zama. Mutanen garin kuma suka ɗora wa kansu alkawari, cewa duk ranar da suka ji wannan take, kowane mai fartanya zai bar abin da yake yi ya nufi wurin kiɗan, ko da loma ce a hannunsa.

Aka yi shekaru ba a buga shi sai da dalili. An buga shi ranar da rafi ya ɓalle ya nufi gonakin fadama. An buga shi ranar da rijiya ta rufta da mai haƙa, aka tono shi da ransa. Kowane lokaci gari ya fito ƙwansa da kwarkwatarsa, kuma ba wanda ya koma gida yana cewa an ɓata masa rana.

Da tsohon ya ga ƙarfinsa yana raguwa, sai ya kira ɗansa ya ba shi gonar da ke jikin dutse, ya kuma miƙa masa gangar da gularta, wato sandar da ake kaɗa ta da ita. Ya ce masa ya rataye ta a rumfar gona, domin daga can sama ƙararta tana kai wa kowane lungu na gari. Sa'an nan ya ce, "Ɗana, ga gona, ga ganga. Gonar ka yi yadda ka ga dama da ita. Amma takena, kada ka buga shi a banza."

Ɗan ya ce, "Na ji, Baba."

Ya ji kuwa. Kada ku ɗauka mugun ɗa ne. Manomi ne na kirki, yana ƙaunar ubansa, kowace safiya yakan je ya durƙusa ya gaishe shi. Abu biyu ne ke damunsa. Yana da saurin fushi, yana kuma da irin wayon nan da ke neman ƙofar baya a jikin kowace doka.

To, gonar jikin dutse tana da albarka, amma tana da maƙwabta. Birai ne cike da dutsen. Da masara ta fara goyo suka sauko, manya da ƙanana, suna karya suna gutsira suna yarwa. Mutumin ya yi jifa, ya yi ihu har murya ta dushe, ya buga gwangwani. Ya kafa mutum-mutumi ya sa masa tsohuwar rigarsa, washegari ya tarar da wani ƙaton biri zaune a kafaɗar mutum-mutumin yana cin masara hankali kwance.

Ranar nan zuciya ta ɗebe shi. Ya shiga rumfa ya sungumo gangar. Shi kuwa ba makaɗi ba ne, kiɗa ɗaya hannunsa ya sani, shi ne taken da ya tashi yana ji tun yana goye. Ya ɗaga gula ke nan sai maganar ubansa ta faɗo masa. Da a nan ya mayar da gangar ya rataye, da ba mu da misalin yau. Amma wayo ya raɗa masa wata dabara. Ya taɓa jin waɗansu makaɗa baƙi a kasuwa, mutanen wata ƙasa mai nisa, waɗanda suke rufe kiɗansu da wani ɗan salo mai sauri mai daɗin ji. Sai ya buga taken ubansa tun daga farko, bugu bayan bugu, da ya zo na ƙarshe ya tsallake shi, ya sa salon baƙin nan a gurbinsa. Birai suka watse suka haye dutse. Mutumin ya yi dariya, ya ce a ransa ya kori birai, bai kuwa karya doka ba.

Bai gama dariyar ba ya hango mutane suna hawowa. Maza ne da fartanyoyi da adduna, wani ya bar shanunsa da garma a tsakiyar kunya, wani ya baro gawayi yana ci a maƙera. Wani dattijo ya iso yana haki ya ce, "Ɗan Sarkin Noma, lafiya? Ina abin yake?"

Ya ce, "Wane abu?"

"Mun ji take."

Ya ce, "A'a, ba shi ba ne. Ku dai ba ku saurara da kyau ba." Ya sake buga musu, ya nuna musu inda ya sauya ƙarshen, yana murmushi kamar ya yi abin kirki.

Dattijon ya dube shi ya ce, "Ka dai sauya wa tuwo suna." Ya saɓa fartanyarsa ya juya, sauran suka bi shi suna gunaguni.

Bayan kowa ya watse sai ga tsohon da kansa, shi ne na ƙarshe domin hawan dutse ya fi ƙarfin gwiwarsa. Sanda a hannu, fartanya a kafaɗa. Ya tsaya a bakin gona ya ce, "Ga ni, ɗana."

Ɗan ya ce, "Ba kai nake kira ba, Baba. Birai nake kora."

Tsohon ya dubi gangar, ya dubi ɗansa. Ya huta kaɗan a inuwa, ya gangara gida.

Masu iya magana sun ce sabo turken wawa. Birai suka dawo, ganga ta sake fita. A karo na gaba waɗanda suka hawo ba su kai rabin na farko ba. Daga baya sai ɗaya ko biyu masu tsoron kada a ce sun karya alkawari, har su ma suka gaji. Shi kuwa mutumin hannunsa ya saba. Tun yana yi don birai, har ya zama idan ƙotar fartanya ta karye sai ya huce a kan ganga, idan ƙaya ta soke shi sai ganga, idan ya tono gyaɗa ya ga ta yi kyau, murnar ma sai ganga. Kullum da salon baƙi a ƙarshe, kullum zuciyarsa tana gaya masa ba laifi.

Abin bai tsaya a gonarsa ba. Samarin gari suka ji salon ya yi musu daɗi, suka ɗauka suna bugawa a bayan ƙwarya da gefen amalanke. 'Yan mata suka sa shi a lugude, taɓarya tana faɗawa turmi da taken Sarkin Noma. Kiɗan da a da yake tsinka wa gari zuciya ya zama abin da ake dakan fura da shi.

Amma mutum ɗaya bai fasa ba. Duk lokacin da gangar ta yi ƙara, bayan ɗan lokaci sai a ga tsohon yana hawowa da sandarsa da fartanyarsa. Ya tsaya a bakin gona ya ce, "Ga ni, ɗana." Ɗan kuma ya ce, "Ba kai nake kira ba, Baba." Har ta kai yakan faɗi haka ba tare da ya ɗago kai daga aikinsa ba.

Wata rana matarsa ta kawo masa abinci gona, ta ajiye, ta ce, "Maigida, ka kuwa ga ƙafar Baba? Ta kumbura saboda hawan dutsen nan."

Ya ce, "Ni na ce ya zo? Na sha gaya masa ba nasa ba ne."

Ta ce, "Ni tun da na shigo gidanku ban taɓa kama sunan Baba da bakina ba, don kunya. Amma in na ji kiɗan nan a turmin maƙwabta, sai in rasa inda zan sa kaina."

Maganar ta ɗan taɓa shi, amma maimakon ya gyara hannunsa sai ya tafi ya gyara ubansa. Ya ce, "Baba, ka daina wahalar da kanka. In ka ji da salo a ƙarshe, ba da kai nake ba."

Tsohon ya ce, "Ni tun daga bugun farko nake miƙewa, ɗana, ba na jiran ƙarshe. Gara in yi ta zuwa a banza da in zauna ranar da kake bukatata."

Damina ta wuce, kaka ta yi. Dawar jikin dutse ta yi kyau irin wanda ba a taɓa gani ba. Mutumin ya yanke, ya ɗaure dammuna, ya tara su a tsakiyar gona yana jiran ranar da za a kwashe zuwa rumbu. Abincin gidansa na shekara ke nan, da irin da zai shuka baɗi.

Ran nan da rana tsaka waɗansu mafarauta suka sa wa daji wuta a bayan dutse don su fito da zomaye. Iska ta juya. Mutumin yana gona ya ji ƙarar ciyawa tana ci, ya ɗaga kai ya ga wuta ta doso karan da ke kewaye da tarinsa. Manomi ne, ya san maganin abin. Idan aka sami maza masu yawa da fartanya, a share fili tsakanin wuta da hatsi, waɗansu kuma su bi ta da ɗanyen ganye, za a tare ta. Akwai lokaci, amma ba na mutum ɗaya ba.

Ya ruga rumfa ya ɗauki ganga. Wannan karo bai sa salon kowa ba. Ya buga taken ubansa cikakke, har bugun ƙarshe, da dukan ƙarfinsa. Ya sake, ya kuma sake, har gula ta yi masa kanta a hannu.

A cikin gari maza suna zaune a gindin tsamiya suna ɓarar gyaɗa. Sun ji sarai. Wani ya ce, "Yau birai sun sha kiɗa." Aka yi dariya. Wani ya karkata kunne ya ce, "Kamar fa yau ya cika shi har ƙarshe." Na kusa da shi ya ce, "Wa ya tsaya sauraron ƙarshensa?" Sun hango hayaƙi a bayan dutse, amma hayaƙi a lokacin kaka ba baƙo ba ne. Suka ci gaba da ɓararsu.

Mutumin yana kiɗa yana duban hanya, ba kowa. Sai can ya hango mutum ɗaya yana hawowa, ya yar da sandarsa don tana hana shi sauri. Ya iso numfashi sama-sama ya ce, "Ga ni, ɗana."

A ranar ɗan bai ce ba kai nake kira ba. Kuka ya ƙwace masa ya ce, "Baba, wuta."

Su biyu suka kama shara. Tsohon ya yi aikin da bai yi irinsa ba tun yana da ƙarfi, amma fartanya biyu ba ta tare gobarar daji. Wuta ta tsallake ta kama gefen tarin. Ɗan ya ga abincin 'ya'yansa yana ci, ya faɗa cikin hayaƙi yana jan dammuna. Hayaƙi ya shaƙe shi ya faɗi, rigarsa ta kama. Tsohon ya shiga ya jawo shi waje, ba ruwa, ba ganye a kusa, sai ya kashe wutar da ke jikin ɗansa da tafin hannunsa.

Sai da sama ta yi baƙi ƙirin sa'an nan mutanen gari suka gane, suka rugo da fartanyoyi. Ihu bayan hari. Dammuna kaɗan aka tsirar, sauran duk toka. Ɗan ya tashi da ƙuna kaɗan a baya. Hannuwan Sarkin Noma kuwa sun ƙone ƙwarai, bai ƙara riƙe fartanya ba har ƙarshen ransa.

Bayan kwanaki ɗan ya ɗauki gangar ya tafi wurin ubansa. Ya tarar da shi zaune a tabarma, hannu biyu a naɗe da tsumma da magani. Ya durƙusa ya ajiye ta a gabansa ya ce, "Baba, karɓi gangarka. Ban isa in riƙe ta ba."

Tsohon ya ce, "Da wane hannu zan karɓa?"

Ɗan ya sunkuyar da kai yana hawaye.

Tsohon ya ce, "Ɗauki abarka. Hatsin bana ka ɗiba a rumbuna, 'ya'yanka ba za su kwana da yunwa ba. Ni ban taɓa fasa zuwa ba, ba kuwa zan fasa ba. Mutanen gari ne za ka sha aiki kafin su sake gaskata hannunka."

Haka kuwa aka yi. Mutumin ya rataye gangar, bai ƙara taɓa ta don fushi ko don murna ba. Birai ya koma korarsu da majajjawa. Ya bi gida gida yana roƙon samari da 'yan mata su cire taken daga wasa, waɗansu suka ji, waɗansu suka yi masa dariya, domin abin da ka koya wa gari a damina ɗaya ba ka ƙwace shi a damina ɗaya.

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali, ba kuwa zan yi muku ɓoye-ɓoye ba.

Sarkin Noman nan Ubangiji ne, wanda ya buɗe mana rumbunsa tun ba mu da abin saka masa. Taken kuwa sunansa ne. Ya ba mu shi a hannu, ya ce mu kira shi da shi, ya kuma kafa mana doka guda a kansa, cewa kada mu ɗauke shi mu yi banza da shi. Ɗan kuwa, to, ku dubi na kusa da ku, sa'an nan ku dubi kanku.

Salon baƙin nan kun san shi. Yana bakinku kowace rana. Waya ta zame ta faɗi, sai ka ji "jiz". An ci ƙungiyarku a ƙwallo, sai "o mai gosh". An ga takalmi mai kyau a ƙafar wata, sai "o mai gudnes". Idan aka yi magana kuma amsar a shirye take: ai ban kira sunan Allah ba, Turanci ne kawai. To ku sani, waɗannan kalmomi ba daga sama suka faɗo ba. Masu harshen ne da kansu suka ƙera su. Sun ji tsoron furta sunan Allah da na Yesu a Turance cikin fushi da mamaki, amma ba su so su bar halin, sai suka riƙe farkon sunan suka lanƙwasa ƙarshensa. Abin da manomin nan ya yi wa take ke nan, ba ragi ba ƙari. Mu kuma muka ji a fim, ya yi mana daɗi, muka kwaso muka sa a lugude.

Kwanan baya Mama Rifkatu ta zumuntar matan coci ta ba ni labarin da ya sa ni dariya, daga baya ya sa ni tunani. Jikarta Kyauta ta dawo hutu daga makaranta, tana soya doya, mai ya fantsamo mata a hannu, ta ce "jiz". Tsohuwar ba ta jin Turanci, amma kunnenta ya tsufa a cikin sujada. Ta ce, "Kyauta, wa kike kira?" Yarinya ta ce, "Ba kowa, Kaka." Tsohuwar ta ce, "To kuwa ya yi mini kama da wani da na sani." Kyauta ta shagala da tunani, doyar ma ta kusa ƙonewa.

Wani zai ce, Malam, ni ban san asalin kalmar ba. Na yarda, ban kuwa zo in ɗora maka laifin jiya ba. Amma yau ka sani. Wani kuma zai ce, ba da nufi nake faɗa ba, fita kawai take yi. Ai wannan shi ne abin da ake magana a kai. Mene ne banza in ba abin da aka yi ba da nufi ba? Ɗan nan ma bai taɓa nufin wulakanta ubansa ba. Birai kawai yake kora.

Akwai kuma masu wayo a cikinku, na san su, waɗanda za su ce, ai mu ma a al'adarmu sauya suna girmamawa ce. Gaskiya ne. Idan aka sa wa yaro sunan kakansa, iyayensa ba sa kama sunan, sai su ce Abba. Mace ba ta kama sunan surukinta. Amma ku lura da bambancin. Wannan matar tana kauce wa sunan ne don ya yi mata nauyi a baki. Ba ta yanke masa wutsiya don ta samu ta riƙa jefa shi duk lokacin da tukunya ta fashe. Wanda ya yi haka, kowa a gidan ya san ba kunya ce ta sa shi ba.

Kada kuma masu jin daɗin cewa su ba sa Turanci su gyara zama. Kai da ba ka iya gaya mana ƙarfe nawa ka tashi sai ka haɗa da wallahi, kai da sunan Yesu yake fita daga bakinka duk lokacin da akuya ta shiga kicin, duk kanwar ja ce. Kai ko salon ma ba ka sa ba, taken kake bugawa tsirara.

To, wa ya yi hasara a misalin nan? Ku lura, uban bai daina ji ba. Kada wani ya fita daga nan ya ce na koyar cewa Allah yakan toshe kunne. Ba ya toshewa. Abin da ya lalace shi ne nauyin taken a kunnen mutane. Ke da sunan Yesu yake fita daga bakinki saboda man suya, ranar da ƙawarki take kwance a asibiti kika kama hannunta kika ce a cikin sunan Yesu, me kike so ta ji? Kai da 'ya'yanka suka tashi suna jin sunan Allah a bakinka a gaban talabijin, ranar da ka tara su ka ce ku zo mu yi addu'a, kada ka yi mamaki in suna taɓa juna suna dariya. Ba su tsaya sauraron ƙarshensa ba, domin kai ka koya musu ba sai an saurara ba. Maƙwabtanmu kuma da ba su san shi ba, a bakinmu suke auna darajarsa.

Ba cewa nake yi ku zama gumaka ba. Mutum zai yi mamaki, zai ji zafi, dole wani abu ya fito. Harshenmu bai talauce ba. Muna da kai, muna da kash, muna da wash, da af, da ayya, da tabɗi, ba kuwa sunan kowa a cikinsu. Ku kori biranku da waɗannan, majajjawa ce, don haka aka yi ta. In kuwa abin ya fi ƙarfinka da gaske, mota ta ƙwace, yaro ya shiɗe, to kira sunan cikakke da dukan muryarka. Wannan ba banza ba ne, ranar wuta ce, don ita aka ba ka gangar.

Na kuma san baki ba ya gyaruwa a yini ɗaya. Za ka fita daga nan da niyya mai kyau, kafin ka kai gida ka yi tuntuɓe, kalmar ta fito. Kada ka karai. Tsaya nan take ka mai da ita addu'a ta gaske, ka ce, Ubangiji, na kira ka, gafarta mini, ka taimake ni. Ka yi haka a kai a kai, za ka ga bakin ya fara jin nauyi. Ku taimaki juna a gida, ba da duka ba, ba da gori ba. Tambayar Mama Rifkatu ta isa: wa kake kira?

Abu na ƙarshe shi ne hannuwan nan. Da tsohon ya ga ɗansa cikin wuta bai tsaya lissafin sau nawa aka mayar da shi daga bakin gona ba. Ya shiga, ya fito da shi, hannuwansa suka ɗauki abin da ya kamata jikin ɗan ya ɗauka. Mai sunan da muke wasa da shi haka ya yi mana, tabon yana hannuwansa har yanzu. Ba tsoron horo nake so ya gyara muku baki ba. Ina so ku tuna da hannuwan nan kafin ku buɗe shi.

Shi dai tun daga bugun farko yake miƙewa. A makon nan, a kicin, a makaranta, a bakin kasuwa, duk inda sunan nan ya fita daga bakinka, cikakke ko da salo, akwai mai tsayawa a bakin gonarka ya ce, "Ga ni, ɗana." Ka shirya abin da za ka gaya masa, kada ya zama "Ba kai nake kira ba."